Kwando Na Uku

Gyadi-Gyadi, Kano
Ranar Alhamis

Zuwa ga jikana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, duk da cewa tsakanin ɗakina da naka bai fi taku goma ba. Allah Ya kai ka Abuja lafiya ranar Asabar, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

Tun ranar da takardar ɗaukarka aiki ta iso ban zauna wuri ɗaya ba. Na faɗa a masallaci, na faɗa wa mai shayi, na taka har Babban Giji na faɗa wa tsofaffin abokan aikina. Kakarka Hajiya Asabe ta ce in rage, kada baki ya kama mata miji. Na ce mata mijin nata dai tafiya zai yi ya bar ta, ni tsohon da take rainawa ni zan rage. Farin cikina ke nan, na faɗe shi, ba zan ƙara komawa kansa ba, don ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Na zaɓi rubutu ne saboda da baki ba na iya tsayar da magana a layi, kai kuma kana da saurin cewa “na gane, Baba” tun ban kai rabi ba. Ka karanta ta yau. Kada ka bari sai ka zauna cikin mota a tashar Unguwa Uku.

Ranar Talata bayan la'asar ka same ni a zaure ka ce kana da magana. Bari in maimaita ta yadda na fahimta, in na kuskure ka gyara.

Ka ce a cikin kwamfuta akwai babban tsari mai tafiyar da komai, a cikinsa kuma akwai sashen da ke kula da ajiye fayil a kan faifai da ɗauko shi. Mutane da yawa a ƙasashe dabam-dabam ne ke rubuta umarnin wannan sashe, kowa ya aiko da nasa ta intanet, manya su duba su karɓa. Kai ma ka aika naka daga shagon intanet na bakin titin Zariya, aka karɓa, kuma ganin wannan aikin ne ya sa kamfanin Abuja ya neme ka. Ka ce umarnin a rarrabe yake ƙanana-ƙanana, kowane ɗaya sunansa fankshan, ana aikensa ya yi abu guda ya dawo da amsa. Na ce ashe masinja ne, ka yi dariya ka ce haka ne. To masinja zan riƙa kiransa, don aikin da na fara ke nan a duniya.

Al'adar sashen, in ji ka, ita ce kowane masinja ya dawo da lamba. In aiki ya yi, sifiri. In bai yi ba, lambar da ke ƙasa da sifiri, kuma kowace lamba da matsalar da take nunawa: wannan babu fayil ɗin, wannan an hana shiga, wannan faifai ya cika, wannan faifai ya lalace. Wanda ya yi aiken abu ɗaya yake dubawa, ko lambar ta sauka ƙasa da sifiri. In ba ta sauka ba sai ya wuce gaba.

Kai kuma ka gina naka masinjan da wata irin amsa dabam, ta eh ko a'a. Eh ɗaya ce, a'a sifiri. Saboda haka ko aiki ya yi ko bai yi ba, amsarsa ba ta taɓa sauka ƙasa da sifiri, wanda ya aike shi kullum gani yake komai lafiya. Muddin faifai na da lafiya ba wanda zai lura. Ranar da faifai ya gaza, mutum zai ajiye aikinsa, kwamfuta ta ce masa an ajiye, alhali ba a ajiye komai ba.

Na ce, “Wa ya gano?”

Ka ce, “Ni kaɗai, Baba. Jiya ina sake karantawa na gani.”

“To me ka yanke?”

“In bari in kama aiki tukuna. Bayan wata biyu ko uku sai in cusa gyaran cikin wani aikin, ba hayaniya. In na faɗa yanzu kowa zai karanta, har mutumin da ya ɗauke ni. Sai ya ce ashe wannan ne gwanin?”

Hajiya daga bayan labule ta ce, “Ai gaskiyarsa. Wa ya taɓa zuwa neman aure ya fara da lissafa cututtukan gidansu?”

Ka tashi ka fita kana ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Ban san kwamfuta ba, amma na san wannan kuskure, don na yi shi da hannuna, kuma na yi dabarar da kake shirin yi. Zan faɗa maka kurakuraina yadda suka jeru.

Na zo Kano ina saurayi babba, ban san ko bihim a boko ba. Aka samar mini aikin masinja a ofishin da ke riƙe da fayilolin malaman makaranta. Ba sai na kama suna ba. Babban akawunmu Mista Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna, dogo, ba ya ɗaga murya. Yakan zana mini lambar fayil a takarda, in sauka ɗakin fayil in bi kantoci ina gwada kamannin lambar har in dace. Ina da ƙafa, ina da ido, amma dawowata ce ba ta da tsari. Wani lokaci in kawo fayil ɗin. Wani lokaci in gan shi in bar shi a can, in zo in ce yana nan. Wani lokaci in leƙo ƙofa in ɗaga kai in wuce. In kuma ban same shi ba, don kada in dawo hannu biyu, sai in ɗauko na kusa da shi in ajiye a tebur.

Wata rana Mista Yohanna ya cire tabarau ya ce, “Garba, kai mutum ne mai ƙoƙari, amma aikenka ya fi zuwa da kaina wahala. In ka dawo sai na yi bugun ƙasa kafin in san me ka zo da shi. Ni kuma ba a koya mini bugun ƙasa a mishan ba.”

Na ce, “Yallaɓai, ai kullum gaskiya nake faɗa.”

Ya ce, “Na sani. Amma yau a kwano, gobe a buhu, jibi a bakin zani. Ni abu ɗaya nake so in duba, a wuri ɗaya, kowace rana.”

Daga nan ya sa aka ajiye kwanduna biyu na waya a bakin ɗakin fayil. In an sami fayil, a maƙala masa takardar nemansa a sa a kwandon dama. In babu shi a ofishin, a sa takardar ita kaɗai a kwandon hagu. Akawu ɗaya ke zuwa ya kwashe ya hau da su sama. Cikin mako guda aikin ya daidaita.

Rashin tsarin dawowar nan shi ne kuskurena na farko. Abin da na ɗauka daga nan shi ne amsa ba ta mai kawowa ba ce, ta mai jira ce. Amsarka ta eh ko a'a ba ƙarya ba ce, wataƙila ma a wani gida ita ta fi kyau. Amma gidan da ka shiga da lamba ake magana, kuma masu jira sun riga sun saba inda za su kai ido. In ka shiga wurin aiki, kafin ka rubuta layi ɗaya, duba yadda masinjojin da ke dama da hagu da naka suke dawowa, ka dawo kamar su. In kana ganin al'adarsu ba ta da kyau, ka faɗa a taro a sauya ta ga kowa. Kada ka sauya ta kai kaɗai a cikin ɗakinka.

A wannan ofishin na san Malam Bitrus. Malamin firamare ne a Tarauni, mutumin Filato, yakan zo kawo takardun makarantarsu. Wata rana ya leƙo ɗakin fayil ya ga zane-zanen gawayi da na yi a jikin kantoci: nan kan saniya, nan tsani, nan jinjirin wata.

Ya ce, “Wannan fa?”

Na ce, “Karatuna ne, Malam. Da shi nake gane wuri.”

Ya tsaya yana kallo. Ya ce, “Mutumin da ya ƙirƙiro nasa rubutun, na mutane ba zai gagare shi ba. Ina da ajin manya bayan la'asar. Ka zo Litinin.”

Na ce na tsufa. Lokacin na doshi arba'in, ubanka har ya isa aure. Ya ce a ajin akwai mahaucin da a shekaru ya haife ni. Na je. Muna zama a bencin yara, gwiwoyinmu na taɓa haɓa. Ni na fi kowa tambaya, har ya sa mini suna Garba sarkin tambaya, ajin ya ɗauka. Shekara uku yana fama da mu daga la'asar zuwa kiran magariba, in an kira salla ya tsaya a bakin aji yana gadin takalmanmu da allunanmu har mu idar. Hannun da ke rubuta maka wannan takarda shi ya kama shi ya ɗora a kan fensir. Saboda karatun nan aka ɗaga ni daga masinja aka ba ni riƙon ɗakin fayil.

Ban fi wata huɗu da riƙon ba soja suka miƙa mulki ga farar hula, wancan karon na farko. Kai yanzu kana ganin na biyu, kuma na ji an ce ana ta jigilar tebur da kabad a ofisoshi kamar wancan lokacin. Aka yi ta sauye-sauye, wannan a ɗauke shi, wancan a kawo. A cikin hargitsin aka mayar da wani jami'i wata ma'aikata, ya tafi da makullin babban kabad ɗin ƙarfe a aljihunsa. Na kai ƙorafi sau ɗaya, wani babba ya daka mini tsawa a gaban mutane ya ce in ba zan iya riƙon ɗaki ba akwai masu iyawa.

Mako na gaba, ranar Alhamis daf da tashi, aka sauko mini da takardun nema wajen goma sha biyu, aka ce da gaggawa ake so. Lamba ce kawai a jikinsu, ba suna. Na samo duka sai guda ɗaya. Da ganin lambar na san fayil ɗin yana cikin kabad ɗin da ke kulle. Na tsaya da takardar a hannu a gaban kwandunan nan. Dama ba ta yiwuwa, don ba fayil a hannuna. Hagu na nufin babu shi a ofishin, kuma na san yana nan, taku biyar daga inda nake tsaye. Abin da ya same ni shi ne na kasa, kasawa kuma ba ta da kwando.

Da na hau sama na faɗa da baki, da an wuce wurin. Amma tsawar makon jiya tana kunnena, kuma sabon muƙami yana da daɗi. Na saka ta a hagu. Na gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, fayil ne ban kawo ba. Na kulle ɗaki na hau kekena.

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma shi ne ya yi kama da naka ƙwarai. Masinjanka yana karɓar labari cikakke daga na ƙasa da shi, cewa faifai ya cika ko ya lalace, sai ya dunƙule shi ya mayar da shi sifiri, ya miƙa wa wanda sifiri a wurinsa albishir ne. Ka kuma ambata mini cewa akwai wata irin lamba a kwamfuta wadda ba ta iya sauka ƙasa da sifiri ko kusa, in an zuba mata labarin kasawa sai ta kumbura ta zama ƙatuwar lamba kamar an yi gagarumin aiki. Duk abu ɗaya ne a wurina. Mazubi ne da ba a yi masa wurin kasawa ba. In za ka zaɓar wa masinja irin amsar da zai riƙa kawowa, kada ka fara da tambayar yadda zai ce an dace. Wannan kowa ya iya. Fara da tambayar yadda zai ce na kasa, da yadda zai faɗi dalili, da ko wanda ke jira zai ji shi. Labarin da aka ba ka daga ƙasa kuma ka miƙa shi sama yadda yake, kada ka rage masa komai don ya shiga kwanonka.

Bayan mako uku aka kawo mai walda ya fasa kabad ɗin. Lambar nan ba ta bar kaina ba, don haka da kowa ya fita na nemo fayil ɗin na buɗe. Hoton Malam Bitrus ne a shafin farko, yana saurayi, da tsaga a gashinsa.

A ranar na bincika na ji ko takardun na mene ne. Kwamiti ne ya zauna zaɓen malaman da za a tura ƙarin karatu, irin wanda in mutum ya dawo yake zama shugaban makaranta ko mai duba makarantu. Duk wanda takardarsa ta hau daga kwandon hagu, an ɗauka ba shi da tarihin aiki a ofishin, an soke sunansa.

Ko da na gama ajin ban daina leƙa shi ba. A makon nan na je, na same shi yana goge allo. Ya ce, “Garba, ka ji abin dariya? Shekara goma sha huɗu ina koyarwa, an ce ba ni da fayil. Ashe fatalwa ce ta koya maka karatu.” Yana dariya, amma hannunsa ya tsaya a kan allon. Ya ce, “Kai da kake ciki, ba ka taɓa cin karo da shi ba?”

Na ce, “Allah Ya bayyana shi, Malam.”

Fayil ɗin yana kanta ta uku, ni na jera shi da safiyar ranar.

Wannan ne na uku. Ban da wani bayani da zan yi a kansa. Na ji tsoron a ce sabon mai riƙon ɗaki ya yi ɓarna a wata na biyar, a mayar da ni masinja, ko a sallame ni. Tsoron nan na gaske ne, kamar yadda naka yake na gaske, ba na raina shi. Na gaya wa kaina an riga an tafi karatun, faɗa ba za ta dawo da komai ba. Ban bincika ko haka ne ba, don ba na son in ji amsar. Bayan wata shida wani ya nemi fayil ɗin don wata buƙata, na sa shi a kwandon dama kamar kowane fayil, aka ce ashe ya bayyana, ba wanda ya tambayi inda ya shiga. Abokansa da suka tafi suka dawo suka zama shugabanninsa. Shi ya ci gaba da riƙe aji uku har ya yi ritaya.

Sai na yi dabara, wadda ita ce kuskure na huɗu, kuma ita ce kake shirin yi. Na ce zan gyara a ɓoye. Na je kasuwa na sayo kwando na uku na ajiye a tsakiya, na ƙudurta cewa duk takardar da na kasa kai wa ga fayil ɗinta a nan za ta shiga. Ban gaya wa kowa ba, don in na faɗa za a tambayi abin da ya sa. Hankalina ya ɗan kwanta. Ashe akawun da ke kwashewa, da ya ga takarda ba fayil a jikinta, sai ya haɗa ta da na hagu ya hau da su tare. Shi abin da aka koya masa ke nan. Wata biyu ana haka ban sani ba, kuma har yau ban san takardun mutum nawa suka bi ta nan ba.

Mista Yohanna ne ya sauko wata safiya ya ga kwandon. Ya ce, “Garba, wannan na tsakiyar fa? Kiwon kaji za ka fara?”

Na yi masa bayanin amfaninsa, na ɓoye asalinsa. Ya ce dabara ce mai kyau, amma kwandon da mutum ɗaya ya san ma'anarsa ado ne kawai. A ranar ya buga sanarwa, ya sa aka kai kowane tebur, ya kira mai kwashewa ya nuna masa da yatsa. Daga ranar kwandon ya fara aiki. Aka yi ta yaba mini, ina karɓar yabon.

Saboda haka in ka tashi gyara, kada ka tsaya a kan masinjanka. Ka bi duk wanda ke aikensa, ɗaya bayan ɗaya, ka ga yadda kowanne yake karanta amsar. Mai yiwuwa wani ya riga ya saba da eh ɗinka da a'arka, in ka koma lamba ba ka gaya masa ba sai ya karanta nasara a matsayin kasawa, ka toshe rami ɗaya ka haƙa wani. Ka gwada shi da faifan da ya cika da wanda ya lalace, ba da lafiyayye kaɗai ba. Sannan ka rubuta a sarari abin da ya faru, da tun yaushe yake haka. Gyaran da aka cusa cikin wani aiki ba ya gaya wa masu aiki da tsohon masinjan cewa suna cikin haɗari. Su suna can suna ajiye takardunsu, ana ce musu an ajiye.

Na so in tsaya a nan. Amma ranar Talata da ka fita daga zaure na ga ba ni da bakin ce maka ka faɗa. Saboda haka jiya Laraba da hantsi na hau mota zuwa Unguwa Uku, inda Malam Bitrus yake zaune tun da ya bar aiki. Mun saba gaisawa da salla da Kirsimeti, ba mu taɓa yankewa ba. Na same shi a ƙofar gida a kan kujerar roba, idonsa ya yi rauni, amma da na yi sallama ya gane muryar.

Ya ce, “Sarkin tambaya! Ba salla ba, ba Kirsimeti ba? Ko Hajiya ce ta kore ka?”

Na ce, “Malam, magana ce na riƙe maka, na kawo.”

Na zauna a dakali na faɗa masa duka, tun daga makulli har zuwa kanta ta uku. Bai katse ni ba. Ya bari na kai ƙarshe. Sannan ya ce, “Yaushe ka ce ka buɗe ka ga hotona?”

“Bayan mako uku, Malam.”

“Mako uku.” Ya gyara zama. “Ka san an bar ƙofar ƙorafi a buɗe har ƙarshen zangon? Mutum biyu da aka gano takardunsu daga baya sun bi sahu, an karɓe su. Ni na rubuta sau biyu. Aka ce in kawo shaidar cewa fayil ɗin yana ofishin. Na rasa wanda zai shaida.”

Ban sani ba, Kabiru. Shekara ashirin ina gaya wa kaina cewa lokaci ya riga ya ƙure tun ranar da na gani. Ashe akwai sauran wata biyu.

Ya ce, “Makulli ba laifinka ba ne. Kwandon hagu ma, to, ɗan Adam ne, an tsorata ka. Da a mako na huɗu ka zo ka ce Malam ga abin da na yi, da na yi maka faɗa kamar yadda nake yi in ka juya harafi, mu tafi ofis tare a gyara. Wannan mako na huɗun, Garba, shi ne naka.”

Na ce, “Haka ne, Malam. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Na yafe. An umarce ni da yafiya, kuma na tsufa da ɗaukar kaya. Amma ba zan ce maka ba komai ba, don da komai.” Ya tambayi lafiyar Hajiya, ya tambaye ka, na ce ka sami aiki, ya ce Allah Ya sa albarka. Da na tashi ya miƙo mini hannu daga zaune. Bai raka ni bakin titi ba yadda ya saba.

Yanzu ga abin da nake nema a wurinka. Gobe Juma'a shagon intanet yana buɗe kafin masallaci. Ka je ka rubuta wa mutanen da suka karɓi aikinka. Ka ce ga masinjan da na rubuta, yana dawo da eh ko a'a a inda ake jiran lamba, ga abin da hakan ke jawowa in faifai ya gaza, ga gyaran, ga waɗanda na bi na duba. Kada ka yi dogon neman afuwa, kada kuma ka ƙawata. Sannan ka aika wa mutumin da ya ɗauke ka kwafi da hannunka, kafin ya gani a wani wuri.

Ba zan yi maka alkawarin abin da zai biyo baya ba. Ban san mutumin ba. Zai yiwu ya ga wanda ya kama kuskurensa da kansa ya ƙara riƙe ka, zai yiwu kuma ya janye takardarsa. Hajiya ta ce in hakan ta faru ba za ta yafe mini ba, na ce mata na ji. In ya janye, ɗakinka yana nan, ni zan koma masallaci da wurin mai shayi da Babban Giji in faɗa da bakin da na yi shela da shi, kuma ba zan sunkuyar da kai ba.

Abin da na sani shi ne, a wani gari da ba ka taɓa ji ba akwai wanda zai ajiye aikin shekararsa a kan faifan da ya fara gazawa. Ba ka san sunansa ba, kamar yadda ni ma lamba kawai na gani. Ni mako na huɗuna ya wuce da shekara ashirin, jiya na je na ga abin da ya rage a cikinsa. Kai yau kana cikin kwana na huɗu da gani.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ƙarfin zuciya gobe da sauƙin hanya jibi. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kiyaye ka a masauki da wurin aiki, Ya sa abin da hannunka zai rubuta ya amfani mutane, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Wassalam.

Ni ne kakanka,
Garba